Ba mai ƙiriniya ne kaɗai abin dubawa ba

Abin da nake yawan ji a Tawa yana damuna: wai yaro mai birgima da ihu shi ne mai matsala, shiru-shiru kuwa ɗan albarka ne. Na gane dalili, hayaniya ce ke gajiyar da uwa.

Amma birgima tsakanin shekara 2 da 3 abu ne da aka saba gani. Yaron yana so, bakinsa bai iya faɗi ba, haƙuri kuma bai zauna masa ba tukuna. Ɗan maƙwabciyata ya kwanta cikin rairayi gaban mai ƙosai yana shure-shure, har takalmi ɗaya ya fita. Kafin mu iso gida ya manta, yana bin akuya da dariya.

Abin kai wa likita daban yake: yaron da ya fara magana sannan kalmomin suka ɓace, ko a kira sunansa bai waiwaya ba, ko kullum yana ji wa kansa ko wasu ciwo. Haka wanda ya canza farat ɗaya, fitsarin kwance ya dawo, yana firgita in ya ga wani mutum. Sau da yawa irin wannan yana zaune a lungu, ana yabon natsuwarsa.