Akuya da fatar kura: wace bindigar .22 ce ta cancanci kuɗinka?

A gida, in ka ga bindiga to ɗayan uku ne: ɗan sanda a shingen hanya, mafarauci da bindigar toka, ko waɗanda ba ma fatan haɗuwa da su a hanyar Birnin Gwari. A nan Texas kuwa, shagon da ke sayar da ƙugiyar kamun kifi da tanti shi ke sayar da bindiga. Mai katin zama na dindindin zai cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinsa, in ba shi da tabo ya biya ya ɗauka. Na shekara shida ina wuce layin nan kaina a sunkuye, kafin wani ƙanina ɗan Zariya ya ja ni filin koyon harbi wata Asabar.

Can na san harsashin .22 LR (.22 ɗin faɗin dalmarsa ne a ma'aunin inci). Ɗan mitsitsi ne, dalmarsa ba ta kai giram 3 ba, kuma tun 1887 ake yin sa. Sinadarin da ke tayar da albarushinsa yana cikin leɓen gindin kwanson ne, ba a tsakiya ba kamar manyan harsasai, shi ya sa yin sa ke da araha. Ana sayar da shi 500 a kwali, masu harbi na kiran kwalin bulo. Ba ya naushin kafaɗa, ƙararsa ma da sauƙi. Amma kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, yana kisa, kuma yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Gardamarmu da ƙanin nawa ta taso ne da na ce zan sayi tawa. Shi ya nace sai mai kama da ta sojoji, baƙa ƙirin, ga wurin ɗaura tocila da madubin saiti. Irin waɗannan sun cika kasuwa, sai dai ba duka suka zama ɗaya ba.

Ɗauki Mossberg 715T. Ka gan ta daga nesa ka ce ta filin daga ce. Buɗe ta, za ka tarar da 702 Plinkster, wata bindigar harbin gwangwani mai sauƙin kuɗi, an saka mata rigar roba. Mu da muka saba jin kura da fatar akuya, ga akuya da fatar kura. Tana harbi, ban ce ba ta yi ba, amma kafin ka wanke cikinta sai ka kwance sukurori har ka gaji, alhali .22 harsashi ne mai barin datti.

M&P15-22 ta Smith & Wesson, wadda ta fito a 2009, ita ce mai gaskiya a cikinsu. Ita ma roba ce, nauyinta bai wuce kilo biyu da ɗoriya ba, gidan harsashinta na cin 25. Abin da ya bambanta ta shi ne duk maɓallanta suna daidai inda na AR-15 (babbar bindigar da ake sayarwa mai siffar ta sojojin Amurka) suke, kuma aiki iri ɗaya suke yi. Wanda ke da babbar, yana son hannunsa ya saba ba tare da ya ƙona kuɗin babban harsashinta na 5.56 ba, wannan ce tasa. Tippmann M4-22 ma haka take, sai dai jikinta alminiyam ne, ta fi nauyi, ta fi tsada. Masu sunan Colt da HK kuwa, ka duba jikinsu da kyau, galibi kamfanin Walther ne ya ƙera su a Jamus da lasisi. Wani ɓangaren kuɗin na suna ne.

To ni ba ni da AR-15, ba kuma ni da niyyar saye. Me zan koya wa hannuna? Abin da nake so shi ne in huda takarda a mita 25, in Allah ya kai mu kaka in bi kurege da zomo. Wannan aikin Ruger 10/22 ke yin sa tun 1964, da gidan harsashinta mai juyawa mai cin 10 wanda ke shigewa ciki ya ɓace. Kowane shago na da kayan gyaranta. Kuma in aiki ya mai da ni New York ko California, inda doka ta taƙaita gidan harsashi ga 10, ba ni da abin canzawa.

Akwai kuma abin da ban iya faɗa wa mai shagon ba. Ni baƙar fata ne, Musulmi, da lafazin da ke tona cewa ba nan aka haife ni ba. Maƙwabcin da ya hango ni ina saka baƙar bindiga a bayan mota ba zai tsaya auna faɗin bakinta ba, ɗan sandan da zai kira ma haka. Ruger ɗin mai gindin katako kuwa, kama take da ta kakansa. Sannan hotunan nan na yara a dajin Zamfara rataye da AK-47 ba su bar min sha'awar kwaikwayon siffar ba, ko da wasa.

Na sayi mai katakon. Tana kulle a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wurin daban saboda yara. Ƙanina yanzu Sarkin Baka yake kira na, yana cewa saura in nemo warki da layu. Asabar da ta wuce sai da ya ari bindigar Sarkin Bakan har sau biyu.