Shafi na 41

Kun dai san yadda zaman namu yake: kowa ya zo da littafin da yake karantawa, a zagaya, ka faɗi inda ka kai da abin da ya burge ka. To, wannan watan ba abin da na karanta in ban da saƙonnin waya. Maimakon in faɗi gaskiya in huta, sai na suri ƙaton littafin nan na Tolstoy, marubucin Rasha, Yaƙi da Zaman Lafiya, wanda shekara uku ke nan ba shi da aiki sai danne takardu a kan teburina. Shafi sama da 1,200. Na ce ko nauyinsa kaɗai ya isa ya saya mini mutunci.

Ba wai ban taɓa farawa ba. Sau huɗu ma. Kullum sai in shiga liyafar nan ta farko a birnin Petersburg, shekarar 1805, manya na ta hira suna surkawa da Faransanci, kowa da suna uku ban da na shagwaɓa, kafin in gane wane ne ɗan wa barci ya yi awon gaba da ni. Napoleon bai shiga Rasha ba sai 1812. Ni ko 1805 ban fita ba.

Da layi ya zo kaina, na dire littafin a kan tebur da ƙarfi don a ji ƙararsa. Na ce saura ƙiris in gama. Na kwashe abin da ke rubuce a bangon baya na juye musu, na haɗa da girgiza kai irin na wanda ya sha wuya. Sai gyaɗa kai ake yi. Wallahi da a nan na yi shiru, da yanzu ana ce mini gwani.

Sai Hajiyarmu, wadda wata shida ba wanda ya ji muryarta in ba sallama ba, ta gyara zaman tabarau ta ce, "Malam, to yaya ka ji da abin da ya samu Andrei da Natasha?"

Na yi lissafi cikin sauri. Namiji da mace, littafi ya kusa ƙarewa, me ya rage? Na washe baki na ce, "Ai Hajiya, auren nan ya yi mini daɗi ƙwarai. Sun dace da juna." Shaiɗan bai bar ni haka ba, sai da na ƙara: "Ai ina ganin shi ne ma zaman lafiyar da ake nufi a sunan littafin."

Wurin ya yi tsit. Irin tsit ɗin da kake jin agogon hannun na kusa da kai.

Ta ce, "Wane auren, Malam?" A hankali fa, ba gatse, kuma wannan shi ya fi ciwo. Da tsawa ta yi mini da na samu abin riƙewa. Ta shiga yi mini bayani kamar mai lallashin yaro: an yi baiko, uban Andrei ya ce a jira shekara guda, yarinya ta kusa guduwa da wani, aka fasa. Daga baya aka ji wa Andrei rauni a yaƙin Borodino, ita ta yi jinyarsa har ya cika. Abokinsa Pierre ta aura.

Kun san abin da ya fito daga bakina? "Innalillahi! Ya rasu? Yaushe?"

Har da dafe ƙirji. Mutumin da ya ce saura ƙiris ya gama, ga shi yana karɓar labarin rasuwa a gaban jama'a. Na so in gyara, na ce wataƙila fassarar da ke hannuna ce ta bambanta. Ta miƙo hannu: "Mu gani." Tana buɗewa, littafin ya yi wata ƙara irin ta sabon takalmi, ya wage daidai inda zaren alama yake. Shafi na 41. Sauran shafukan manne da juna, fari tas, ko yatsa bai taɓa ratsa su ba. Ta rufe, ta miƙo mini da hannu biyu, ta ce, "Allah ya ba da ikon ƙarasawa." Aka amsa da amin. Amin fa, gaba ɗaya!

Ita ban riƙe ta ba, ni na kai kaina. Wanda ba zan yafe wa ba shi ne malamin nan mai jan biro, wanda ya yi dariya har ta sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya. Shi! Mutumin da ya ari Magana Jari Ce kashi na biyu a hannuna tun 2019. Na ɗaya da na uku suna nan a kanta da giɓi a tsakaninsu kamar wawulo. Duk sanda na tambaya sai ya ce, "Ɗan'uwa, ina kan nazari." Wane irin nazari? Na taɓa hango littafin a motarsa, an nannaɗe masa kunnuwa, an bi gefen shafi da jan biro. Ni aƙalla ban karanta nawa ba, amma ban ɓata na kowa ba. Kuma ku lura, duk zama littafi ɗaya yake kawowa, sai dai ya sauya masa riga.

Da dare haushi ya sa na buɗe littafin daga farko. Ga Andrei nan da ransa, yana ta hura hanci a liyafa, bai san abin da ke jiransa ba. Ashe ma yana da mata tun a shafukan farko, har da ciki. Ni ban ma tuna ba.

Na kai shafi na 43 kafin barci ya ɗauke ni. In wani ya haɗu da malamin nan, don Allah ya ce masa kashi na biyu.