Na daina tashin yarana ƙarfe bakwai, mai cewa lalaci ne ya ce

Jiya Umma ta kira ni daga Kano wajen tara da rabi na safe tana tambayar jikokinta, na ce mata babban bai tashi ba. Ta yi shiru, can sai ta ce "ke 'yar nan, anya wannan karatun gidan naku ba kwanan gida ba ne?" Dariya na yi amma maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa na ce bari na zo nan na amayar da ita.

Shekara biyu kenan da muka cire yaran daga makaranta a nan Birmingham ta Ingila muna koyar da su a gida. Doka ta yarda, dokar ilimi ta 1996 cewa ta yi iyaye su tabbatar yaro ya samu ilimi ko a makaranta ko ta wata hanya, ba ta ce a fara ƙarfe kaza a tashi ƙarfe kaza ba. Amma ni da na fara, makarantar na kwaso ɗungurungum na jibge a falo, na manna jadawali jikin firji, lissafi takwas da rabi, Turanci tara da rabi, har ƙararrawa nake sawa a waya wallahi. Wata huɗu kullum da faɗa ake buɗe rana, ina ɗaga murya, yaro ɗan shekara 13 yana gyangyaɗi kan littafi, babu abin da ke shiga kansa sai haushina.

Abin da ban sa a lissafi ba, ranar ƙasar nan ba ta da alƙawari. A watan Yuni magariba sai tara da rabi, isha'i wajen sha ɗaya, kafin huɗu kuma asuba ta yi. Toh yaron da ya kwanta sha ɗaya da rabi, na tashe shi salla, sannan bakwai na sake tsaya masa a ka na ce ya zo ya fahimci aljebra, don Allah ina adalcin?

Kuma ba son jiki ba ne zalla. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, daga 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10, sannan da zarar yaro ya fara balaga sinadarin melatonin mai kawo barci yana jinkirin fitowa da kamar awa biyu, ko ka kwantar da shi ƙarfe tara idonsa biyu yana kallon silin. Tun 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada makarantun sakandare su fara kafin 8:30, jihar Kalifoniya ta mayar da abin doka a 2019. A Seattle da suka matsa daga 7:50 zuwa 8:45 a 2016, ɗaliban sun samu ƙarin barcin minti 34. Su kenan masu fama da motocin ɗaukar ɗalibai da iyaye masu sammakon ofis, a kan rabin awa suke ta artabu. Ni kuwa ranar gaba ɗaya tana hannuna amma na ɗaure kaina da agogon wasu.

Daga ƙarshe tsarin makarantar allon unguwarmu na tuno, a yi karatu da sassafe, a watse, a dawo da yamma, wasu har da dare. Yanzu bayan asuba kowa zai yi hadda minti talatin, wannan ba ma taɓa shi, Annabi (SAW) ya roƙa wa al'umma albarka a sammakonta. Daga nan mai barci ya koma. Autar, 'yar shekara 7, tsuntsuwa ce, shida da rabi ta fara cewa yunwa, ita nake yi wa nata karatun kafin gida ya ɗau hayaniya, goma ta gama. Ta tsakiya tara take zama. Babban sai goma, kuma lissafinsa mai wuya bayan la'asar yake yi, abin da da muke kwashe awa biyu muna jan sa yanzu minti arba'in ya rufe littafi.

Amma fa kar wata ta karanta wannan ta bar yaro da waya har biyun dare ta ce jikinsa ne haka. Wannan ba jiki ba ne, TikTok ne. A gidana wayoyi a ɗakina suke kwana, kuma lokacin tashin ɗaya ne har Asabar da Lahadi.

Baban yara ne ma ya fi damuwa, wai ranar da babban zai fara aiki fa? Yana da gaskiya ta wani ɓangaren, don jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare a nan, tara na safe ake shiga, a Mayu da Yuni, babu ruwanta da melatonin ɗin kowa. Mun yi da yaron tun Maris za mu fara janyo tashinsa da minti sha biyar sha biyar duk sati.

Umma dai na ce ta dinga kira bayan azahar in muryar jikan take son ji, ta ce babu komai, ya zo hutu Kano mu ga ko zakarun gidan za su bar shi ya kai goma.