In Ba Ka Tare da Mu, Kada Ka Tashe Mu Daga Nan

'Yan'uwana matasa, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma yakan taso mini duk ranar da aka ba da filin shaida a sujadar zumuntar matasa. Wannan ya miƙe ya ce ya sami aiki, wancan ya ce bizarsa ta fito, wata ta ce an sa ranar aurenta, sai tafi da guɗa, a ce lalle Allah yana tare da wane. Ba na ƙin wannan, godiya wajibi ce. Wanda nake tausayi shi ne ɗan'uwan da ke bencin baya, wanda ya gama bautar ƙasa tun tuni, takardunsa na cikin leda a ƙarƙashin katifa, yana tafa wa wasu alhali zuciyarsa na raya masa cewa shi kam Allah ya juya masa baya. Mu muka koya masa wannan lissafi, kuma ba a Littafi Mai Tsarki muka samo shi ba.

Ku buɗe Farawa sura 39 ku karanta a tsanake. Labarin Yusufu ne, yaro ɗan shekara 17, 'yan'uwansa na jini suka tuɓe masa riga, suka jefa shi rijiya a Dotan, suka sayar da shi ga ayarin Isma'ilawa a kan azurfa 20. Aka kai shi Masar, Fotifar shugaban masu tsaron Fir'auna ya saye shi. Ba uwa, ba uba, bai iya harshen ƙasar ba, ko kansa ba mallakarsa ba ne. A daidai wannan hali aya ta 2 ta ce Ubangiji yana tare da Yusufu, ya kuwa zama mai nasara. Bawa fa! Sau huɗu surar ta maimaita cewa Ubangiji yana tare da shi, biyu a gidan bauta, biyu a kurkuku. Da mu ne muka rubuta tarihin, da mun ajiye wannan magana sai ranar da aka sa masa zoben Fir'auna da sarƙar zinariya. Marubucin bai jira wannan rana ba.

Ku lura kuma da inda kasancewar Allah ta kai shi. Matar maigidansa ta matsa masa kullum, ya ce mata yaya zai aikata wannan babbar mugunta ya yi wa Allah zunubi. Ya bar rigarsa a hannunta ya gudu, sakamakon tsarkinsa kuwa shi ne ƙage da ɗauri. A kurkukun ya fassara wa mai shayar da Fir'auna mafarki, ya roƙe shi ya tuna da shi, mutumin ya fita ya manta da shi shekara biyu cur. Sai da ya kai shekara 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan tsakanin rijiya da fada, kuma babu rana ɗaya a cikinsu da Allah ya bar shi. To kai da ka ƙi ba da cin hanci don a sa sunanka a jerin waɗanda za a ɗauka aiki, ke da kika ƙi bin malami ɗaki don maki, har kuka rasa abin da wasu suka samu, wa ya gaya muku an yashe ku? Mai yiwuwa a aya ta 21 ta sura 39 kuke, inda Yusufu ke kurkuku Ubangiji na tare da shi, labarin bai kai sura 41 ba tukuna, inda ya shiga fada.

Amma wurin da ya fi taɓa ni a duk wannan batu shi ne Fitowa sura 33. Jama'ar Isra'ila sun yi ɗan maraƙin zinariya a gindin dutsen Sina'i. Sai Allah ya ce wa Musa su tashi su tafi ƙasar da ya yi wa Ibrahim da Ishaku da Yakubu alkawari, zai aiki mala'ika a gabansu, zai kori Kan'aniyawa da Amoriyawa da sauransu, ƙasa mai madara da zuma tasu ce. Abu ɗaya kawai ya janye: shi da kansa ba zai tafi tare da su ba, don su mutane ne masu taurin kai. Ku tsaya ku auna wannan tayi da kyau. Ga ƙasa, ga nasarar yaƙi, ga mala'ika mai rakiya. Duk abin da muke kwana a coci muna roƙo yana ciki. Ina tsoron da a yau aka yi mana wannan tayi, da yawanmu za mu ce amin da ƙarfi, mu ɗaure kaya. Musa ya ƙi. Ya ce in Ubangiji ba zai tafi tare da su ba, kada ya tashe su daga wurin, domin da me za a bambanta su da sauran al'umman duniya in ba da wannan ba? Mutumin ya gwammace ya zauna a jeji tare da Allah da ya shiga Kan'ana ba shi. Jama'ar ma da suka ji, makoki suka yi, suka tuɓe kayan adonsu.

Tambayar da nake so kowannenmu ya yi wa kansa ita ce, Allah nake nema ko kayan hannunsa? Gane amsar ba wuya. Dubi yadda addu'arka take kafin jarrabawa da yadda take bayan sakamako ya fito.

Akwai kuma wata ɓata da ta shigo mana, wato ɗaukar kasancewar Allah kamar laya. A 1 Sama'ila sura 4, Filistiyawa suka kashe wa Isra'ila mutum wajen 4,000. Maimakon dattawa su binciki zunubin da ke cikin gida, sai suka aika Shilo a ɗauko Akwatin Alkawari, wai ya cece su. Waɗanda suka rako shi su ne Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli, firistocin da ke wawure naman hadaya suna kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Akwati ya iso sansani, aka yi sowa har ƙasa ta girgiza, Filistiyawa ma suka tsorata. Da aka gwabza, sojan ƙasa 30,000 na Isra'ila suka faɗi, aka kashe 'ya'yan Eli biyu, aka ƙwace akwatin. Sowa ba ta jawo Allah ba, akwatin da shi da kansa ya umarta a yi ma bai tilasta masa ba. Balle kwalbar mai da ka saya a wurin taro, ko hoton wani bawan Allah da ka liƙa a babur. Yaron da ke damfarar mutane a intanet ya kawo zakka don a sa wa sana'arsa albarka, da wanda ya biya kuɗin satar amsa sannan ya kawo alƙalaminsa a yi masa addu'a, duk hanyar dattawan nan suka bi. Mu da muke karɓa muna shiru, alhakin bai bar mu ba.

Ayar da ta fi ba ni tsoro tana Littafin Mahukunta 16:20. Samson, wanda ya kashe mutum 1,000 da muƙamuƙin jaki, ya farka daga cinyar Delila yana cewa zai fita kamar yadda ya saba, ya girgije. Bai sani ba Ubangiji ya rabu da shi. Ba tsawa, ba girgizar ƙasa, bai ma ji a jikinsa ba. Kamar fanka ce bayan an ɗauke wuta, takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci, wanda bai lura ba ya zaci lafiya. Kana iya riƙe makirufo a ƙungiyar mawaƙa, muryarka na nan, jama'a na ɗaga hannu, alhali an daɗe da raba gari. Shi ya sa da Dawuda ya faɗi cikin zunubi da Batsheba, a Zabura 51 bai roƙi a bar masa gadon sarauta ba. Ya ga abin da ya sami Saul da idonsa, sarkin da ya gabace shi, wanda Ruhun Ubangiji ya rabu da shi. Roƙonsa shi ne kada Allah ya kore shi daga gabansa, kada ya ɗauke masa Ruhunsa Mai Tsarki.

Kada wani ya ji wannan ya naɗe hannu ya ce ai Allah yana tare da ni. Yusufu ma'aikaci ne, Fotifar da shugaban kurkuku duk amanarsa da ƙwazonsa suka gani kafin su danƙa masa kome. Koyi sana'a, yi karatunka, fita da sassafe. Sai dai ka riƙe maganar Yesu a Yahaya 15:5, cewa in ba tare da shi ba, ba abin da za mu iya yi.

Ga wanda kuwa ya san akwai abin da ya ɓoye, ina roƙonka ka karanta Joshuwa sura 7. Rundunar da ta ga garun Yariko ya rushe ta gudu a gaban ƙaramin garin Ai, mutum 36 suka mutu, saboda alkyabba da azurfa da zinariyar da wani Ba'isra'ile mai suna Akan ya sata ya binne a cikin alfarwarsa. Joshuwa ya faɗi rubda ciki yana kuka, Allah ya ce masa ya tashi, ba zai ƙara kasancewa tare da su ba sai sun kawar da haramtaccen abin daga cikinsu. Akan ya mutu da zunubinsa, amma mu an buɗe mana ƙofa ta jinin Almasihu, kuma 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne zai gafarta mana. In kuɗin wani ne a hannunka, mayar masa, ko da kaɗan-kaɗan ne. In wata lamba ce a wayarka da ka san inda take kai ka, goge ta yau. In abin ya fi ƙarfinka, je wurin fastonka ko wani dattijon ikkilisiya da ka amince da shi kafin Lahadi mai zuwa, ka faɗa masa gaskiya, ku durƙusa tare.