Alheri na buƙatar littafin lissafi

Na yarda da wani marubuci da ya ce a zamanin da shugabanni ke wawure dukiyar jama'a, tausayin juna ne ke riƙe talaka, amma bai faɗi yadda ake kare alherin daga lalacewa ba. Mun gani a watan Oktoban 2020, lokacin da aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da Kaduna, abinci jibge alhali mutane na kwana da yunwa. Haka taimakon unguwa ke rubewa idan mutum ɗaya ne ke rubuta suna, shi ke riƙe kuɗi, shi ke rabo. A raba aikin uku. Sunaye kuwa mata a tambaya, su ke shiga gidaje, su suka san tukunyar da ta kwana biyu ba a ɗora ba. A auna da tiya ɗaya ga kowa, gwargwadon bakunan gida, a kai bayan isha'i ba tare da ɗaukar hoto ba, domin magidanci mai kunya ya gwammace yunwa da ya shiga layi. Duk Juma'a a karanta abin da ya shigo da wanda ya fita. Ga mai cewa kowane buhun da aka kawo a karɓa, a karɓa ɗin, amma a juye hatsin daga buhun mai hoton ɗan takara. In ɗan takarar ya ƙi yarda a juye, bazawarar da za a ba hatsin yake tausayi ko ƙuri'arta yake saye?