Kofin da aka miƙo maka a sama, a ƙasa za ka amsa tambayarsa

Ƙannena masu shiga jirgi, musamman ku da Allah ya fara buɗe wa hanyar fita waje don karatu, fatauci ko neman aiki, ku ba ni aron kunnuwanku.

Jirgi ya daidaita a sama, sai ga ma'aikaciya ta turo keken abinci da fara'arta, 'yan ƙananan kwalaben giya jere a kansa. Na kusa da kai ya miƙa hannu ya karɓa. Kai ma zuciya ta fara raya maka cewa ai kuɗinta na cikin tikiti, kuma nan babu wanda ya san ka. Ga musulmi dai magana ta ƙare tun a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, haramci ba ya raguwa don mutum ya lula cikin gajimare. Yau ina so ne mu duba abin da ke jiran mutum a gaban jami'in shige da fice.

A watan Yulin 2018 an tsare wata likitar haƙori da ta taso daga Ingila, ita da 'yarta mai shekara 4, a Dubai, kwana uku a cewarta. Ta ce an tambaye ta ko ta sha giya, ta amsa cewa kofi ɗaya aka ba ta kyauta a jirgi, aka ɗebi jininta. Hukumomin Dubai kuwa suka ce fasfonta ne ya daina aiki, sannan ta ɗauki jami'i bidiyo. Daga baya an janye ƙarar. Ko ta wa ka ɗauka, ka lura da abu ɗaya: da gardama ta kaure, kofin nan ya shigo cikin zancen. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bisa Yarjejeniyar Tokyo ta 1963, ƙasar da aka yi wa jirgi rajista ce ke da hurumi kan abin da ya faru a cikinsa yana tafe. To amma giyar ba ta tsayawa a kujera idan ka miƙe. Hanta kan ɗauki kusan sa'a guda kafin ta sarrafa ƙaramin kofi ɗaya, ga busasshiyar iskar jirgi, ga rashin barci. Wanda ya kora uku ana dab da sauka, da warinta a baki zai isa layin buga hatimi, kuma a nan dokar masu ƙasa ce ke aiki.

Shin kamfanin jirgi ba shi da laifi? A ganina yana da nasa kaso, babba ma. Ya fi fasinja sanin inda zai sauke shi, tunda kullum can yake zuwa. Saudia da Kuwait Airways da Iran Air ba sa raba giya kwata-kwata, kuma ba su daina samun fasinja ba. A Amurka doka ta hana ma'aikatan jirgi ƙara wa wanda alamun maye suka bayyana a kansa. Kamfanin da ke iya maimaita maka yadda ake ɗaure ɗamara sau uku, me zai rage shi da shi idan ya sanar kafin a fara rabo cewa ƙasar da za a sauka tana hukunta maye? Sai dai haƙƙi a wuyansa daban, diyya a kotu daban. Sharuɗɗan tikiti, waɗanda duk muke danna "na amince" ba tare da mun karanta ba, kan ɗora wa fasinja nauyin bin dokokin ƙasar da zai shiga. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kuma ta tanadi diyya ne kan rasa rai, rauni, jinkiri da ɓatan kaya. Kwanan da ka yi a hannun 'yan sanda ba ya ciki.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa ai yanzu an sassauta. Gaskiya ne Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta sassauta dokar giya a Nuwamban 2020, amma buguwa a bainar jama'a laifi ce har gobe, tuƙi da ko ɗigo a jini ma haka, Sharja kuwa, maƙwabciyar Dubai, ba ta ɗage haramcinta ba. Saudiyya ta haramta giya tun 1952, kuma shagon da aka buɗe a Riyad a 2024 don jami'an diflomasiyya waɗanda ba musulmi ba aka buɗe shi.

Sai maganar kwalba. Wani zai tare ka a filin jirgi inda kuka yada zango, ya ce ɗan riƙe masa leda, ai a shagon da ba a biyan haraji ya saya, ga rasit. Rasit ɗin ba ya hana kwastan na Jidda ko Kuwait ganin ta a na'urar binciken kaya, kuma wanda aka samu da ledar a hannu shi za a ja gefe. Ka ce masa ya yi haƙuri, ka wuce da jakarka.