Minsharin maigidana da tsohon faifan 1951

Shekara sha ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya da Abban yara, kuma wallahi da wuya a yi daren da bai yi minshari ba. Da farko zungurinsa nake yi ya juya, minti biyar an koma gidan jiya. Ƙawayena kowacce sai ta ce ke ma da neman wahala, ki koma ɗakin yara mana ai maza haka suke. Ni dai ban koma ba, iyafis na saya na dinga kunna tsofaffin kiɗan Turawa na okestira, abin da na gada wajen Babana Allah ya jiƙansa, shi da garmahonsa da faya-fayen nan masu nauyi da gefe ɗaya bai wuce minti huɗu zuwa biyar ba sai an tashi an juya.

Wanda na fi ji shi ne simfoni na tara na Beethoven, ɗaukar da aka yi a Bayreuth ta Jamus a Yulin 1951 lokacin da aka sake buɗe bikin kiɗan garin bayan yaƙin duniya na biyu, Furtwängler ne ya ja makaɗan. Sautin ba tas yake ba irin na yanzu, akwai wani shuuu a ƙarƙashi, kana jin 'yan kallo suna tari, ni kuma abin da nake so kenan, ka san mutane ne masu rai a wajen. Kuma bawan Allahn nan ya iya jan shiru! Akwai inda mawaƙa za su ɗaga murya har ƙololuwa sai kowa ya yi tsit, ka ɗauka caji ne ya ƙare. Har ƙirga shirun nake yi a zuci.

Wannan ƙirgen ne ya yi min rana. Wani dare na cire iyafis sai na ji ɗakin tsit, na duba ƙirjin maigidan yana ta ƙoƙari amma iska ba ta shiga, na ƙirga har sha bakwai kafin ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Jikina rawa ya kama.

Likita ya ce maƙogwaro ne ke rufewa cikin barci, in ɗaukewar ta kai sakan 10 tana maimaituwa to ciwo ne, kuma yana da alaƙa da hawan jini da gyangyaɗin rana, ga shi mutum mai tuƙin Kano zuwa Kaduna.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an mai da minshari abin barkwanci, ko a ce wa mace ta raba ɗaki shikenan. Da na bi shawarar nan wa zai ji? Mai minshari ai bai san yana yi ba, ke da kike gefensa ke ce kunnensa.

Yanzu ta gefe yake kwanciya, ya rage tuwon dare, muna tara kuɗin injin CPAP, mai hura wa mutum iska don kada maƙogwaro ya rufe cikin barci. Kiɗana kuwa ina nan ina ji, amma kunne ɗaya nake saka wa iyafis.